Ta Baba Ce

Daga jirgi

Assalamu alaikum Mai kwaɗo,

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, da iyali, da kasuwa, da kwaɗin nan naka na ƙarfe da ba sa tsalle. Ni lafiya lau, sai kunnena na hagu da ƙarar inji ta fara cinyewa, sai kuma wayata da ta faɗa ruwan gishiri ta riga mu gidan gaskiya. Don haka sai haƙuri da takarda. Wakilin kamfani ne ke kwasar wasiƙunmu duk tashar da muka tsaya, shi ne kuma ke kawo mana na gida, in ya tuna.

Ga kwali nan tare da wasiƙar. Kwamfutar hannu ce, irin mai faɗin nan da ake shafawa da yatsa. Ta Baba ce. Ka kai da kanka, hannu da hannu, kada ka aiki kowa. Na zaɓe ka ne don a duk dangi kai ka san darajar kaya, kuma kai kaɗai ne in ka cuce ni na san inda shagonka yake. In na sami wata wayar, ta nan za mu riƙa ganin juna da Baba.

Abokin wasanka.

Daga shago

Wa'alaikumus salam Kyaftin,

Na san man inji kake gogewa a ƙasan jirgi, amma a kasuwa na riga na gaya wa kowa kai ke tuƙa shi, kada ka kunyata ni. Muna lafiya. Gwiwata ce ke ɗan surutu, kasuwa kuwa ta yi shiru. Allah ya ba kunnenka lafiya, ko da yake tun kana ƙasa ba wani jin magana kake yi ba.

Kwali ya iso, kuma ka jefa ni cikin abin da ban shirya ba. Na rufe shago da rana tsaka, na tafi gidanku ina taƙama kamar ni na saya. Na tarar da mahaifinka a kujerarsa ta bakin ƙofa, yayarsa kuma, gwaggonka da ta goya ka bayan rasuwar mahaifiyarka, tana zaune a tabarma tana warware tsohon ɗinki. Na gaishe su, na buɗe wasiƙarka ina karantawa da ƙarfi. Sai da bakina ya kai kan "Ta Baba ce" sannan na ga ramin da ka haƙa mini.

Kyaftin, wane Baba? Ko wace Baba?

A baki ba a rikita su. In mahaifi ake kira murya hawa take yi, in gwaggo ce sauka take yi, ko yaro ya sani. Amma a takarda haruffa huɗu ne iri ɗaya, kuma kai da ka yi makaranta fiye da ni ba ka sa ko "shi" ko "ita" a duk wasiƙar ba. Na duba gaba, na duba baya. To ni kuma bakina ya riga ya buɗe, sai na fitar da wani abu tsakanin biyun, na bi shi da tari. Gwaggo ta miƙo hannu. Mahaifinka bai miƙo ba, bai ma kalli kwalin ba, ya dai ce, "Ajiye nan," ya nuna gefen ƙafarsa. Ina tsaye tsakaninsu sai labule ya ɗaga, ɗan yayanka ya leƙo, wanda ya ci sunan kakansa ake ce masa Baba a gida, gemu ya fito masa yanzu, yana karatun zanen gini. Ya ce, "An kira ni?"

Uku ke nan. Daga yau zan riƙa rubuta gwaggo da "a" biyu, Baaba, tunda kai tawada ta yi maka tsada. Saurayin kuma Ɗalibi.

Na ce musu dole sai an yi wa kwamfutar caji na musamman, na dawo da ita shago. Ba zan ɓoye maka ba, na kunna ta, na ɗauki hotunan kwaɗo da ƙusa, na ga yadda suka yi kyau, har raina ya fara ba ni shawarar cewa ni ma 'ya'yana Baba suke ce mini. Na yi ta'awizi.

Ga abin da ya hana ni yanke hukunci. Hankali ya ce Baaba kake nufi, don ita ke kuka in an ambace ka. Amma ka rubuta "ganin juna", ita kuwa ba ku taɓa daina ganin juna a zuci ba. Wanda ba kwa ganin juna da shi, shi ne tsohon. Tun ranar da ka ajiye masa zarto a kan benci ka bi ruwa bai sake tambayar lafiyarka ba. In sulhu ka aiko a kwali na kai wa wata, na yi ɓarna. In ba sulhu ba ne na kai masa, na yi wadda ta fi ta. Ni da kakata da kakanka ne kawai suka haɗa uwa, me ya kai ni tsakiyar wannan?

Ka ba ni amsa da kalma ɗaya: shi, ko ita.

Mai kwaɗo.

Daga jirgi

Assalamu alaikum Mai kwaɗo,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Ni ƙalau. Har yanzu ban ji daga gare ka ba, wakili ya ce jakar wasiƙu ta wuce mu zuwa tashar gaba. Ina rubuta wannan a tsaye a ɗakin inji, ka yi haƙuri da dattin takardar.

Na san dai ka kai saƙo, in ba ka sayar ba. Ina fata Baba …a ji daɗinta. Ka nuna yadda ake ƙara girman rubutu, saboda ido. Ka kuma ce don Allah a daina fushi da ni haka nan, ruwa ba ya barin mutum ya yi abin da yake so a lokacin da yake so.

Sai na ji daga gare ka.

Daga shago

Kyaftin,

Salamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa ta lafa, kaina ne yanzu ke ciwo, kuma kai ne sila.

Wasiƙarka ta biyu ta zo, na ga alamar ta yi saɓani da tawa a hanya. Na yi murna da na hango "Baba" da wani abu a bayansa. Sai na tarar ɗigon baƙin mai ya sauka a kan harafi ɗaya tak a duk takardar, wanda zai gaya mini "ya ji" ne ko "ta ji". Na ɗaga ta a rana. Na kai wa mai gyaran agogo na layinmu ya sa gilashinsa, ya ce yana ganin wutsiya a ƙasa, "ya" ce. Na kai wa mai sayar da tabarau, ya ce yana ganin sanda a sama, "ta" ce. Har yanzu ba sa gaisawa da kyau.

"Saboda ido," ka ce. Dukansu biyu ido ya yi rauni. "A daina fushi," ka ce. Wa? Shi yana fushi ka tafi, ita tana fushi ba ka rubutu. Kai ko lauya aka ɗauka ya ɓoye magana ba zai kai ka ba.

Caji ba ya wata guda, don haka ƙaryata ta ƙare, na mayar da kwamfutar gidan. Sai na ce bari in yi abin da na iya. In mutum ya zo sayen kwaɗo ba na tambayarsa wanne yake so, ƙofar nake tambaya. Na ce kowa ya riƙe ta in gani.

Ɗalibi ya karɓa, yatsunsa suka hau rawa, kafin in zauna ya zana mini bene da tagogi. Ya yi mini bayani mai tsawo, wai waya ta yi ƙanƙanta ga zane, babbar kwamfuta ta yi nauyi ga jaka, wannan ita ce tsaka-tsaki, don irinsa aka ƙera ta. In gaskiya ake bi ta aiki, ya fi kowa hujja. Amma na san ba ka ce masa Baba, "kai yaro" kake ce masa, sai na cire shi. Ya ce zalunci ne. Na ce ya rubuta maka.

Baaba ba ta karatun boko, na ɗauka nan za ta tsaya. Ina! Sau ɗaya Ɗalibi ya nuna mata, ta gane hoton da ake taɓawa a kira mutum. Ta kira 'yarta da ke aure a nesa, ta ga jikokinta, ta yi musu faɗan aski. Yatsanta kamar da shi aka auna gilashin.

Sai tsohon. Ya ce shi ba ya wasan yara. Na matsa masa, ya goge hannu a riga, ya dangwala yatsa. Ba abin da ya motsa. Ya sake. Shiru. Kyaftin, shekarun da ya yi yana murza katako sun mayar da fatar yatsunsa kamar ƙahon sa, gilashin bai ma san an taɓa shi ba. Baaba ta kai hannu ta gefensa ta shafa, abu ya buɗe. Ya janye hannunsa ya sa a aljihu, ya ce, "Ai dama." Bai ƙarasa ba. Ni kuma na rasa inda zan sa idona.

Na fito da hukunci a raina: ta Baaba ce, ta dace da ita, an gama.

Bayan kwana biyu sai ga tsohon a shagona. Mutumin da rabonsa da kasuwa tun da ya rufe wurin aikinsa. Ya ce in ba shi ƙananan ƙusoshi da maƙalar ƙofa guda biyu, mafi ƙanƙanta. Na ce, "Baba, me za a yi?" Ya ce, "Kai mai sayarwa ne ko ɗan sanda?" Da na je gidan na tarar ya fito da bencinsa, ya kakkaɓe, ya ƙera mata mazauni na katako, mai lanƙwashewa, da ɗan rami daidai inda wayar caji ke shiga. Ya goge shi har yana ƙyalli. Ya ɗora ta a kai, a kan teburin ɗakinsa, tana fuskantar kujerarsa. Ba ya kunna ta, ba zai iya ba. Zama yake yi a gabanta.

Ya tambaye ni, yana kallon wani wuri, "Shi wancan, in ya tashi kira, da safe zai kira ko da yamma?"

Yanzu gaya mini, wa ta dace da shi? Wanda ya iya ta, wadda ta iya da ita, ko wanda ya yi mata kujera? Ni dai kaina ya kulle, kuma a duk shagona babu mabuɗinsa.

Mai kwaɗo.

Daga jirgi

Mai kwaɗo,

Salam. Ina lafiya. Wasiƙunka biyu sun zo mini tare, na karanta ta biyun kafin ta farkon, na kwana biyu ban gane wane ne Ɗalibi ba, ko me ya haɗa mai agogo da gidanmu.

Ita. Ita nake nufi. Gwaggo. Ban taɓa tunanin akwai abin tambaya ba, don a bakina sau ɗaya ake faɗar sunan nan da daɗi, kuma nata ne. Ranar da zan tafi ita ta raka ni bakin titi, na yi mata alkawarin abin da za ta riƙa ganina da shi. Shi kuwa tsohon, ina fita yana buga guduma, ko kai bai ɗaga ba. Ta yaya zan aika masa kyauta? Ya mayar mini da ita a kwalinta?

Amma zancen mazaunin nan ya hana ni sukuni. Ka tabbata shi ya ƙera? Ba saya ya yi ba? Kuma ka tabbata ni yake nufi da "wancan"? Kai ɗan kasuwa ne, ka iya yi wa kaya kwalliya. In ƙari ka yi don ka ji daɗin labari, ka gaya mini.

Ban san me zan ce ka yi ba. Ka ba ta abinta. A'a, dakata. Ka ba ta, amma kada ka ɗauke daga ɗakinsa yana gani. Ko ka gaya masa gaskiya. Kai, kada ka gaya masa. Ka yi yadda ka ga ya fi, amma alkawarin da na yi mata yana nan.

Za mu daɗe a tashar gaba ana gyaran inji. Mai dafa mana abinci ya ce zai ara mini wayarsa ranar hutunsa, da yamma. Na rubuta ranar da lambarsa a bayan takardar nan. Ban san wa zan tarar ba.

Daga shago

Kyaftin,

Wa'alaikumus salam. Lafiya muke. Na gode da umarninka masu cin karo da juna, na zaɓi wanda ba ka bayar ba.

Da farko, ban yi ƙari ba. Ina yi wa kwaɗo kwalliya, ba na yi wa tsoho. Ƙusoshin daga hannuna suka fita, kuma ko kai ka ga haɗin kusurwar za ka san hannun.

Ban karanta musu wasiƙarka ba. Na jira tsohon ya tafi masallaci, na sami Baaba ita kaɗai, na fara kewaye-kewaye irin namu na masu ciniki. Ta bar ni na yi ta zuba, sannan ta ce, "Kai ɗan nan, tari ka yi ranar nan, ba kurma ka mayar da ni ba. Na san tawa ce tun kafin ka buɗe kwalin. Ni aka yi wa alkawari."

Na ce, "To Baaba, me ya sa ba ki faɗa ba, kika bar ni ina yawo da takarda wurin masu gilashi?"

Ta ce, "Na miƙa hannu ai. Sai na ji ƙanena ya ce a ajiye a gabansa. Shekara nawa ina jiran ya nemi wani abu da ya fito daga hannun yaron nan? Sai ranar da ya nema in ce nawa ne?"

Na ce to yanzu ta wa ce? Ta ce tata ce mana, wa ya isa ya ƙwace mata. Na ce to a dawo da ita ɗakinki. Ta ce in na taɓa ta sai ta karya mini ɗayar gwiwar. Na ce to tasa ce ke nan. Ta ce Allah ya kiyaye, mutumin da ko buɗe ta bai iya ba. Kyaftin, na yi ciniki da mutane iri-iri, ban taɓa fita daga ciniki ban san ko na saya ko na sayar ba sai ranar.

Ga dai yadda abin yake tafiya yanzu. Kwamfutar tana zaune a ɗakinsa a kan mazauninta. In Baaba na son kiran 'yarta, ta shiga ta kore shi. In shi yana son kallon masu aikin katako na wasu ƙasashe, don Ɗalibi ya nuna masa akwai su, sai ya ƙwala mata kira, ta zo ta shafa masa tana mita, shi kuma ya zauna yana zagin yadda suke riƙe zarto. Ɗalibi na samunta in sun yi barcin rana, ya ce wannan ba tsari ba ne. Na ce ya kawo wanda ya fi shi.

Abin da ban sani ba, ko tsohon ya san ba shi ka aika wa ba. Wani lokaci ina ganin ya sani sarai. Wani lokaci ina ganin ko a mafarki bai kawo ba. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba.

Na gaya musu ranar da za ka kira. Baaba za ta taɓa maɓallin, wannan dole ne. Amma kujerar da ke gaban teburin tasa ce, kuma ba ni da ƙarfin ɗaga shi. In kana da abin faɗa, ka tanada. In ba ka da shi, ka kira duk da haka. In ka ƙi kira, ni zan ci gaba da zuwa gidan ina kallon fuskarsa, kai kana can kana kallon kifi.

Mai kwaɗo.

Daga jirgi

Mai kwaɗo,

Salam, ina lafiya, ko dai ina jin ina lafiya. An ce mini kana shago lokacin da na kira, matsoraci.

Na zauna a gadona, na tanadi magana mai tsawo. Abu ya buɗe, na ga Gwaggo, ta yi kuka, ta ce na rame, ta ce wa ke yi mini wanki. Sai ta matsa gefe. Na ga saman hular tsohon da goshinsa, don ya matso da yawa. Ta ce ya ja baya, ya ja. Ya tsufa, Mai kwaɗo. Ba ka gaya mini ya tsufa haka ba.

Na gaishe shi. Ya amsa. Duk abin da na tanada ya gudu. Na ɗauka layi ne ya tsaya, sai na ga yana ƙifta ido. Ba ni yake kallo ba, bayana yake kallo. Can ya ce, "Wa ya kafa kantar nan da ke saman kanka?" Akwai 'yar kanta da na haɗa da guntun katako, ina ɗora kofi da reza. Na ce, "Ni ne, Baba." Ya ce, "A karkace take." Na buɗe baki, layi ya yanke. Na yi ta gwadawa har mai wayar ya zo karɓar abinsa.

To mene ne wannan? Faɗa ne? Gori ne, yana nuna mini ko kanta ban iya kafawa ba bayan na bar shi? Ko mene ne? Na tsaya na kalli kantar nan har abokan aikina suka fara tambaya ko lafiya. Ni a idona daidai take. Kai da ka san su, ka fassara mini.

Daga shago

Kyaftin,

Wa'alaikumus salam. Kowa lafiya. E, na gudu, kuma da za a sake zan sake gudu.

Fassara kuma ka nemi wani. Na daina fassara maganar gidanku, ta kusa raba ni da maƙwabta. Ga dai abin da ya faru.

Washegari tsohon ya sake zuwa shagona, da wani dogon abu a naɗe a tsohuwar riga. Ma'auninsa ne, na katakon nan mai ɗigon ruwa a cikin gilashi, wanda yake gane karkata da shi. Ka san shi, wanda ko yayanka bai taɓa bari ya ɗauka ba. Ya ce in sa a kwali in ba wakilinku.

Na ce, "Baba, jirgi fa ba ya tsayawa cik. Ko a tasha lilo yake yi. Ɗigon nan ba zai taɓa zama a tsakiya ba, yanzu ya ce dama, anjima ya ce hagu."

Ya ce, "Na sani. Ni ka ga na yi kama da wanda bai san ruwa na motsi ba?"

Na ce to amfanin me zai yi masa?

Ya ce, "Ya ɗora a kan kantar, ya kira ni in gani. In bai zauna ba, ya sake kira."

Kwalin na tafe tare da wannan. Ka nemi waya taka ta kanka, don ga dukkan alamu aikin kantar nan zai daɗe.

Abokin wasanka,
Mai kwaɗo.